Dozimetar da ta je Damagaram

Villeurbanne, 8 ga Satumba

Zuwa ga Gwaggona Hajiya Batula,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lahiya, ke da maigida Alhaji Illiassou da duk mutanen shago. Yaya ƙafar? Ina fata kin daina hawan benen nan da buhun shinkafa kamar 'yar shekara ashirin. Ni na iso nan Villeurbanne, gefen Lyon, lahiya, kilishin da kika cusa mini a jaka har abokan aiki sun samu.

Kin san ba na ɗaukar biro sai abu ya fi ƙarfin tarho. Sau uku ina kiranki don in faɗa, sai in ɓige da hirar atamfa. To ga shi a takarda: an hana ni shiga ɗakin gwaji.

Bari in sake yi miki bayanin aikin, tunda kullum cewa kike ɗiyarki tana hura wa taurari wuta. Jirgin da ake aikawa sararin sama, in ya yi nisa da rana, faifan sola ba ya amfana masa komai. Sai a ɗora masa ɗan kwanso na ƙarfe, cikinsa akwai wani sinadari, americium, wanda ke fid da zafi da kansa shekaru ɗaruruwa. Mu aikinmu mu mai da zafin nan lantarki. Shekara uku ke nan muna kan kwanso guda. Mu girgiza shi yadda roka za ta girgiza shi, mu jefa shi cikin sanyi, mu zuƙe iskar ɗakin, mu ga ko zai tsage. Babban gwajin ƙarshe a watan Nuwamba ne, kuma ni aka zaɓa in kunna.

Sinadarin yana fid da wani tururi da ido ba ya gani. Shi ya sa kowa ke maƙala dozimeta a ƙirji, ɗan abu ne na roba da bai kai akwatin ashana ba, da sunan mutum a jiki. Duk tururin da ya taɓa ka yana tarawa. In an tashi aiki a rataye shi a allon bakin ƙofa, ba a fita da shi daga labo, wato gidan binciken namu, ko da taku ɗaya. Duk wata uku a aika a karanta. An karanta, Gwaggo. Na kowa fes, nawa kuma ya nuna abin da ban tara ba a shekara ukun nan gaba ɗaya.

Likita ya ɗibi jinina. Madam mai kula da tsaron lahiyarmu ta zaunar da ni ta yi ta tambayoyi, na amsa. Abu biyu suke zato: ko kwanson yana yoyo ta gefen da nake tsayawa, ko kuma na buɗe garkuwarsa ba bisa ƙa'ida ba. Yanzu an ajiye ni a ofis ina jera takardu. Nassim, wanda muke aiki tare tun rana ta farko, in ya wuce sai ya yi mini irin gaisuwar da ake yi wa majinyaci. Wallahi gara ya zage ni.

Don Allah kada mutanen gida su ji. Ina buƙatar addu'arki.

Ɗiyarki,
Rékia

*

Aubervilliers, 19 ga Satumba

Ɗiyata Rékia,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya lau. Ƙafa da sauƙi, Alhaji yana gaishe ki, ya ce kilishin nasa ne aka sata aka ba ki. Kwantena ta iso makon jiya, ban samu zama ba, shi ya sa amsa ta yi jinkiri.

Na karanta takardarki, raina ya ɓaci ƙwarai. Amma ki kwantar da hankalinki. Abin roba ai yana lalacewa. Sikelin shagonmu ma da aka saya sabo fil, wata biyu yana ƙara wa mutane rabin kilo na gero kafin mu gane. Ki ce musu su jefar da wannan su ba ki wani. Mutanen da ke aika jirgi bayan rana ba za su rasa ɗan roba guda ba.

Ki riƙa cin abinci. Na ga yadda kika rame a hutun nan, wuya duk ƙashi. Ki je unguwar Guillotière ki sayi kuɓewa da nama ki yi miya ta mutane, ki bar cin burodi a tsaye.

In kuma aikin ya ƙi, Allah ya sa haka ya fi alheri. Da takardun da kike da su ba za ki rasa wurin da babu tururi ba.

Tambaya ɗaya kawai, don in sani: shi wannan abin, in ya yi tafiya mai nisa, yana jin jiki? Ba don komai ba, tambaya ce.

Gwaggonki,
Batula

*

Villeurbanne, 24 ga Satumba

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi. Sakamakon jini ya fito, babu komai, alhamdu lillahi.

"Allah ya sa haka ya fi alheri." Na karanta layin nan ya fi sau goma a cikin taram, jirgin cikin gari. Na san tun ranar da na fara aikin nan ba ki so shi ba. Ban zaci za ki ga na faɗi ki ce mini in yi kwanciyata a nan ba. Kin riƙe ni tun ina shekara tara, ke da Baba kakanni kawai kuka haɗa amma ba ki taɓa nuna mini haka ba, shi ya sa maganarki ke yi mini ciwo fiye da ta kowa.

Ba maganar a ba ni sabon roba ba ce. Kwamiti ya zauna. In ba a gano daga inda tururin ya fito ba kafin ashirin ga Oktoba, za a ɗauki kwanson a kai wata cibiya a yanka shi a duba cikinsa. In aka yanka, ya tashi aiki. Wahalar mutum bakwai ta shekara uku ke nan.

Yanzu ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Na yi ƙarya.

Ranar da zan taho hutu gidanki a watan Agusta, ina sauri kada jirgin ƙasa ya bar ni, na fita da dozimetar a jikin shuɗiyar jaket ɗina. Sai da muka wuce rabin hanya na gan ta. Labo a rufe yake rabin watan, na ce ba wanda zai lura. Da na iso na rataye jaket ɗin a kabad ɗinki, ga zafi, ban sake taɓa ta ba har kwana goma sha biyun suka cika. Da na dawo na riga kowa zuwa na mayar da ita allo. Da Madam ta tambaye ni ko ta taɓa fita daga labo, na kalli idonta na ce a'a. Ta rubuta, na sa hannu.

Kullum da safe ina cewa yau zan je in faɗa, sai in kai bakin ofishinta in wuce banɗaki. Kuma ko na faɗa me zai warware? Me zai samu dozimeta a cikin kabad ɗinki, tsakanin zannuwa da turaren wuta? Zan tona kaina ne kawai, kwanson kuma a yanka shi duk da haka.

Tambayarki: tafiya a mota ko jirgin ƙasa ba ta yi mata komai. Abin da aka fi ja mana kunne a kai shi ne injin duba kaya na filin jirgin sama, musamman na manyan akwatuna. Shi da irin wannan tururin yake leƙa cikin kaya. Ni kuwa rabona da filin jirgi shekara biyu.

Kada ki ƙara ce mini in bar aikin, don Allah. Ki yi shiru ma ya fi.

Rékia

*

Aubervilliers, 7 ga Oktoba

Rékia ɗiyata,

Sallama da gaisuwa. Na ga kiranki shida ban ɗauka ba. Ba fushi nake ba, ba kuma shirun da kika nema ba ne. Baki ne ba ni da shi. Takarda huɗu na yaga kafin wannan.

Ni ce. Dozimetarki ta je Damagaram ta dawo.

Kwana biyu da zuwanki, kin fita ganin ƙawayenki, na buɗe kabad zan turara kaya, na ga abin a jikin jaket da sunanki. Na gane shi nan take. Mahaifinki Mika'il yana da irinsa lokacin da yake aikin ramin uranium a Arlit, na sha ganinsa a hotonsa na wurin aiki. Ke kina ƙarama, ba ki ga abin da na gani ba. Ni na yi jinyarsa wata bakwai a Damagaram, ni nake riƙe masa kwano in tari ya taso. Likita ya faɗi sunan ciwon, ban sani ba ko aikin ne ko ba shi ba ne, har yau ban sani ba. Amma tun ranar da kika ce mini kin samu aiki da irin wannan wuta, ban sake cin abinci ya zauna mini daidai ba.

Kin san yadda muke yi a gida. In mutum yana nesa, akan aika rigarsa ko ɗankwalinsa a yi masa addu'a a kai. Na tsaya da abin a hannuna na ce, wace riga ce ta kai wannan? Shi ne ke wuni a ƙirjinta a wurin da nake tsoro. Na san in na tambaye ki za ki yi mini dariyar nan taki ta 'yan lakkal masu boko.

Alhaji Moctar mai shagon takalma zai tafi ɗaurin auren ɗiyarsa ranar Talata. Na naɗe abin a ɗankwali na tura cikin babban akwatinsa, tsakanin turmin atamfa da sabulai. Kin san yanzu ba jirgin da ke zuwa kai tsaye. Ya bi ta Kazabalanka, ya sauka Yamai, ya sake hawa ƙaramin jirgi zuwa Damagaram. Malam Muhyiddeen, wanda ya yi wa mahaifinki sallar jana'iza, ya ajiye shi kwana uku yana karatu a kai. Ranar kwananki na tara Alhaji Moctar ya dawo mini da shi a akwatin nan, na maƙala shi inda na same shi. Har daɗi na ji, Rékia. Da na raka ki tasha ina kallon jaket ɗin a hannunki ina cewa a raina, yanzu kam na yi mata katanga.

Jiya na je shagon Alhaji Moctar muka zauna muka lissafa. Sau shida akwatin ya shiga injin.

Abin da ya fi ci mini rai ba aikawar ba ce. Tun takardarki ta farko zuciyata ta faɗa mini. Na zauna da sanin nan na rubuta miki labarin sikeli da miyar kuɓewa. Har na ce miki Allah ya sa haka ya fi alheri, don in kin bar aikin ba mai tono maganar. Kina can ana ɗibar jininki, ni ina nan ina kare fuskata. Mace mai shekara sittin da ɗaya, da jikoki, da hajji biyu.

Alhaji Moctar ba ya zubar da takarda, Allah ya saka masa. Ga tikitocinsa da lambobin da aka liƙa wa akwatin, duka na sa a ambulan. Alhaji Illiassou bai sani ba tukuna, yau zan faɗa masa in ya dawo daga masallaci.

Ban ce ki yafe mini yanzu ba. Ki fara ceton kwanson.

Batula

*

Villeurbanne, 10 ga Oktoba

Hajiya,

Saƙo ya iso, na gode da tikitocin.

Kwamiti zai saurare ni ranar sha bakwai. Za su buƙaci shaida a rubuce daga wanda ya ɗauki dozimetar. Na rubuta miki da Faransanci, ga ta nan. Ta ce kin tsinci abin ba ki san ko mene ne ba, ya shiga cikin kayan da ake aikawa gida bisa kuskure, ya dawo da sauran kaya. Ban sa maganar Malam ba, ba ta da amfani a wurinsu.

Ki sa hannu inda na yi alama da jan biro, ki aiko gobe. Sauran magana sai bayan an gama, yanzu ba zan iya ba.

Rékia

*

Aubervilliers, 13 ga Oktoba

Ɗiyata,

Ina gaishe ki, ko da ba ki gaishe ni ba. Na ga na koma Hajiya. Na cancanta, ban yi ƙorafi ba.

Ga takardarki na mayar, ban sa hannu ba.

Kin manta ina karanta Faransanci. Na yi lakkal aji shida a Damagaram, kuma shekara ashirin da shida ina fama da takardun duwan, wato kwastan, a garin nan. Na ga inda kika rubuta "par ignorance", wai cikin jahilci. Na ga inda kika ce kuskure ne. Rékia, ba jahilci ba ne, ba kuma kuskure ba ne. Na san abin, na san naki ne, na san abin da yake aunawa. Da hannuna na naɗe shi, da niyya na aika. Abin da ban sani ba shi ne injin filin jirgi, wannan kam ki rubuta shi da manyan baƙaƙe in sa hannu sau goma.

Ƙarya ɗaya kika yi wa matar nan ta kai ki inda kike. Yanzu kina so in ara miki ta biyu da hannuna, ki kai mata a faranti. In ta tambaye ki yadda abin da ke maƙale a jaket cikin kabad ya yi tsalle ya faɗa akwatin wani mutum, ya kuma dawo ya maƙale kansa, me za ki ce?

Kuma ina so ki tambayi kanki, ba sai kin ba ni amsa ba: kunyar me kike ji? Ta abin da na yi, ko ta a ce ɗiyar da ke gina wa taurari murhu tana da gwaggo mai aika kaya wurin malam? In ta farko ce, muna ji tare. In ta biyu ce, wannan taki ce ke kaɗai, ba zan taya ki ɗauka ba.

Na rubuta tawa shaidar da Faransancina na kasuwa. Kwanan wata, sunan garuruwa, dalili, har ciwon mahaifinki, duk suna ciki. Kada ki gyara mini ko wasali ɗaya. In kin ga ba za ki iya miƙa ta ba, ki faɗa mini, in hau jirgin ƙasa in kawo musu da kaina da wannan ƙafar.

Alhaji Illiassou ya ji. Sai kawai ya tashi ya haɗa mini shayi, abin da bai taɓa yi ba tun aurenmu. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Gwaggonki, ko kin so ko kin ƙi,
Batula

*

Villeurbanne, 21 ga Oktoba

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina kwana, ina gajiya, yaya ƙafa, yaya Alhaji da shayinsa? Na haɗa da gaisuwar da na hana ki wancan karo.

Ba za a yanka kwanson ba.

Na shiga ɗakin da takardu biyu a jaka, taki da tawa wadda kika ƙi sa wa hannu. Ba zan ɓoye miki ba, har na gwada kwaikwayon sa hannunki a bayan wani ambulan, sau biyu. Mutum tara ne a teburin. Na fara da tawa ƙaryar, na ce dozimetar ta fita, na sani, na kuma musa. Madam ba ta ɗago kai ba, rubutu kawai take. Sai ta ce, daga nan fa? Na sa hannu a jaka, takardarki ce ta fito.

Na karanta ta da ƙarfi yadda kika rubuta, ban gyara komai ba. Da na kai wurin Malam da kwana ukun karatu, wani injiniya ya yi dariya ta hanci. Na ji kamar in nutse a kujerar. A nan na samu amsar tambayarki. Ta biyun ce, Gwaggo. Kunyarki na ji, ke da kika sayar da zannuwanki na aure kika kawo ni ƙasar nan. Na ci gaba da karatu. Da na kai wurin Baba da kwanon, ba wanda ya sake dariya.

Madam ba ta tambayi komai game da Malam ba. Tikitocin ta karɓa, ta tambayi injin nawa, a waɗanne garuruwa. Ta yi lissafi a gefen takarda, ta kira wani a tarho, ta dawo ta ce adadin ya yi daidai da wucewa shida. An sake auna kwanson kwana biyu, lahiyarsa ƙalau.

Ni kuma ga hukuncina. Fita da dozimetar, gargaɗi ne kawai, ta ce kowa yana mantuwa. Ƙaryar ce ba su ɗauka ba. Mako shida aka tsayar da aiki, mutum bakwai suna zargin hannuwansu, alhali kalma ɗaya daga bakina da ta sa an fara neman inda ya dace. Shekara guda ba zan shiga ɗakin gwaji ba. Na nemi gafarar abokan aikina ɗaya bayan ɗaya. Nassim ya ce ya wuce, amma bai kalle ni ba da yake faɗa, kuma ban ga laifinsa ba.

Na yi kuka a taram har wata tsohuwa ta miƙo mini hankici. Ba ke kika cire ni daga ɗakin nan ba, ina so ki san wannan. Ke kin aika roba Damagaram, ni na kalli mutum na ce a'a.

Ranar sha takwas ga Nuwamba za a yi babban gwajin. Nassim ne zai kunna. Ni zan tsaya a ɗakin kallo, bayan gilashi, tare da baƙi. An ba kowane ma'aikaci izinin kawo mutum ɗaya, na rubuta sunanki. Ki zo ki ga abin da kike tsoro da idonki, bai fi tukunyar shayin Alhaji girma ba. Akwai lif, ba sai kin hau bene ba.

A bakin ƙofa za su maƙala miki taki dozimetar, ta baƙi. Don girman Allah, Gwaggo, ki mayar musu kafin ki fita.

Ɗiyarki,
Rékia